Rigar Dagomba da Ta Wuce Mati

Cikin halayen banza da ɗan Adam yake yawo da su, ban ga mai saurin kai mutum ƙasa kamar na-sani ba. Marowaci yakan mutu da abinsa a ƙulle, maƙaryaci yakan sha iska kafin a cim masa. Amma wanda yake jin nauyin buɗe baki ya ce "ban iya ba, a nuna mini," shi a tsakiyar taro ake yi masa aski, kuma ba ruwa ba sabulu. Mai shakka ya gyara zama ya ji abin da ya sami Mati.

Mati ɗan'uwanmu ne, mutumin ƙauyenmu, nan kusa da Zakirai. Manomi ne na gaske, wannan ba zan rage masa ba. In ya sunkuya da fartanya, sai saurayi ya yi da gaske kafin ya kamo shi. Ciwonsa guda ne. Kakansa bafatake ne, ya yi safarar goro da jakuna zuwa Gwanja tun ba a san mota ba. Shi kuwa Mati iyakarsa Kaduna, ita ma gaisuwar rasuwa ce ta kai shi. Amma a ganinsa duk hanyar da kakansa ya taka tana cikin jininsa, duk abincin da kakansa ya ci shi ma ya san ɗanɗanonsa.

To, bara bayan an kai amfanin gona rumbu, sai Kamilu ɗan ƙanena ya bugo waya. Shi Kamilu ya daɗe yana sayar da albasa a Tamale, can arewacin Gana, har Allah ya haɗa shi da mata, Sauda, 'yar wani dattijon ƙabilar Dagomba mai suna Alhaji Abdussalam. Ya ce lallai dangin ango su zo ɗaurin aure. Cikin hirar ya faɗi wata al'ada ta gidan surukin nasa. Wai duk sa'ad da Alhaji ya aurar da 'ya, yakan sa a saƙa riga irin tasu, mai faɗin gindi, wadda suke kira batakari. Ranar biki in masu rawa sun kafa da'ira, duk wanda ya shiga cikin dangin ango ya jure har makaɗa suka ajiye kiɗa, rigar tasa ce.

Da maganar ta iso majalisarmu ta gindin darbejiya, Mati ya buga cinya.

"An gama. Rigar nan tawa ce."

Bai tsaya nan ba. Ya je ya karɓo yadin da ya kai wa tela, ya ce bana ba ya buƙatar ɗinkin Salla, da rigar Dagomba zai je idi. Ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa mata a bakin rijiya, kafin magariba ko akuyar garin ta sani.

Cikin 'yan tafiyar akwai Sama'ilu, taubashin Mati, wani gajere mai tumbi, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kasuwar Zakirai. Wasan taubasantaka tsakaninsu ba ya ƙarewa tun suna yara. Tun a tasha ya fara.

"Jikan fatake, ina jakin? Ko a mota za ka bi sawun kakan naka?"

"Kai dai riƙe tumbinka kada a ce ka biya kujera biyu," in ji Mati.

Tafiya ta yi tafiya. Muka ratsa ƙasar Binin, ƙafafu suka kumbura, bayanmu ya ƙage. Duk garin da muka shiga Mati ne mai bayani. Da muka tsaya wani wuri aka duba takardunmu, ya miƙe cikin mota ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku yi bismilla, mun shigo Gana. Ina jin ƙamshin goro."

Direba ya waiwayo ya ce, "Baba, Togo ce wannan."

"To ai da can duk Gwanja ce," in ji Mati, ya koma ya zauna.

Mun sauka Tamale lafiya. Mutanen kirki, masu girmama baƙo, in za su gaishe ka sai sun rusuna har ka ji kunya. Masallatai ko'ina, babura kuwa har mata ke tuƙa su, abin da ya sa Sama'ilu ya saki baki har ƙuda ya kusa shiga. Alhaji Abdussalam ya sauke mu a gidansa, aka yi mana shimfiɗa.

Washegari da hantsi Kamilu ya ce kada mu tsaya jiran girkin gida, mu zo ya kai mu bakin titi mu ga abin da garin yake ci. Ni da farko na ƙi, don a wurinmu dattijo ba ya cin abinci a kan hanya. Amma da na ga limamin unguwar da kansa zaune a benci da kwano a hannu, sai na tuna in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura.

Ya kai mu rumfar wata mata, Ramlat, 'yar zango, wato unguwar Hausawan garin, Hausarta ta ɗan karkace amma ana ji sarai. Tukwane jere a gabanta. Ga koko da ƙosai kamar na gida. Ga tubani, shi ma kamar an ɗauko daga Makoda. Ga wake da shinkafa da suke kira wace, ja wur. Na tambaye ta me ya rina shi, ta ɗago wani ganye daga tukunya, sai na ga ashe karan dafi ne, wanda mu a wurinmu dukawa muke bar wa su rina fata. Ga soyayyen agade, babbar ayabar nan ta suya, da citta da barkono, yana ta ƙamshi. Sai kuma wani dunƙule kamar curin fura, an naɗe shi cikin ɓawon masara, ta ce sunansa dokunu, da soyayyen kifi ake ci.

Sama'ilu ya tsuguna gabanta kamar mai ɗaukar karatu.

"Hajiya, ni baƙauye ne, kada ki ji tausayina. Wannan ta ina ake fara shi?"

Ta yi dariya, ta nuna masa yadda ake ɓare ɓawon, a gutsuri tuwon, a murza a hannu. Sannan ta jawo wani ɗan kwano mai baƙin abu yana ninƙaya cikin mai.

"Wannan shito ne. Kaɗan ake taɓawa, kamar mai sa kwalli."

Ta juya za ta yi wa Mati bayani, ya ɗaga mata hannu.

"'Yata, ajiye bayaninki ki ba masu buƙata. Kakana ya ci wannan tun ba a haifi kakarki ba."

Ya ɗauki dokunu ya gatsa har da ɓawon. Muka ji ƙarar ɓawo a bakinsa kamar akuya ta samu harawa. Bai tofar ba, ya dinga tauna yana gyaɗa kai. Don ya tura shi ya wuce, sai ya kai hannu kwanon baƙin abin nan ya kwaso da yatsu huɗu kamar miyar kuka, ya zuba a baki.

Sai muka ga kunnuwansa sun motsa. Sai gumi ya keto daga ƙarƙashin hula. Sai hawaye, shar-shar, har gemu.

"Taubashi, lafiya?" in ji Sama'ilu.

Mati ya buɗe baki, murya ba ta fito ba sai iska. Da ƙyar ya ce, "Kakana na tuna. Allah ya jiƙansa."

"Amin. To ƙara loma ɗaya, ka tuna da kakarka ma, kada ta ji haushi."

Ramlat ta juya baya kafaɗunta suna rawa, ta miƙo masa koko a kofi ba tare da ta dube shi ba. Ya shanye ya nemi ƙari. Mu kuwa muka ci muka yi nak. Ni dai agaden nan ya shiga raina, ba zan ɓoye ba. Mai hankali da ya ɗauki darasi daga nan, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta kakan shafa wa naka ruwa, balle naka ne ya kama. Amma Mati ya ce barkonon Gana ya lalace ne, a zamanin kakansa ba haka yake ba.

Da la'asar sai ga Tahir, yayan amarya, wani dogo kamar giginya, shi ne shugaban masu rawar unguwar. Ya rusuna ya gaishe mu, ya ce ta bakin Kamilu za su gwada rawar gobe a bayan gida, duk mai niyyar shiga cikin baƙi ya zo a nuna masa ƙafa, don rawar da sandar ƙarfe ake yinta, ba a shigarta da ka.

Nan ne gizo yake saƙa. A garinmu ma muna da rawar sanda, kuma Mati ya yi tashe a cikinta yana saurayi, har yau tsofaffin mata suna ba da labari. Amma tamu da sandar icce ake yi. Kuma in makaɗi ya ɗaga kiɗa, gwani yakan kafa sandarsa a ƙasa, ya dafa ta da hannu biyu, ya miƙa wuya gaba yana karkaɗa kafaɗu, mata su rangaɗa guɗa. Da wannan Mati ya yi suna, kuma da ita ya zo Tamale a aljihu.

"Ka ce masa na gode," in ji Mati, yana kurɓar shayi. "Ba a koya wa ɗan kada iyo."

Na ce masa, "Mati, baƙo ko da idonsa makaho ne. Tashi ka je ka gani, gani ba ya rage mutum."

"Yaya, da girmana yara su tsaya suna ce mini ɗaga nan, sauke nan? A garin da kakana ya sha ruwa?"

Sama'ilu kuwa ya miƙe yana gyara zariya. "Ni zan je. Ba don riga ba, don cikin nan ya sauka a samu wurin na dare."

Muna zaune muna jiyo su. Kiɗa ya tashi, sai ihun yara, sai dariyar mata, sai muryar Sama'ilu yana cewa, "A sake! Wallahi ƙafar hagun ce munafuka!" Ya faɗi ya fi a ƙirga. Ya dawo gab da magariba buɗu-buɗu da ƙura, yana haki, yana murmushi. Ya zauna kusa da Mati.

"Taubashi, wasa a gefe. Abu ɗaya zan gaya maka. In ka ji kiɗan nan ya canza..."

Mati ya toshe kunnuwa da yatsu. "Ranar da ɗan tsako zai koya wa zakara cara ba ta zo ba."

"Ka dai ji. Na gabanka zai..."

"Mai ƙuli, je ka wanke jikinka, kana warin akuya."

Sama'ilu ya dube ni, na dube shi. Na ce ya rabu da shi. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Aka ɗaura aure da safe lami lafiya, aka yi addu'a, aka raba goro. Da rana ta yi sanyi aka share fili a ƙofar gida. Makaɗa suka fito da kalangai da manyan ganguna masu amo har cikin ƙirji. Masu rawa suka biyo, kowa da batakari da wando buje da takalmin fata har gwiwa, kowa riƙe da siririyar sandar ƙarfe. Ni ba mai son rawa ba ne, kowa ya sani, amma gaskiya ɗaya ce, abin ya yi kyau. In suka juya sai rigunan su buɗe kamar laima, ƙarafan su haɗu, kyas, a lokaci guda kamar hannu ɗaya ne ya buga.

Alhaji Abdussalam ya zauna a kujera, aka shimfiɗa rigar kyautar a kan cinyarsa. Saƙi ce mai ratsin fari da baƙi da shuɗi, an yi mata aiki a wuya. Mati ya dube ta ya haɗiyi yawu.

Tahir ya kawo wa baƙin nan biyu aron riguna da takalma irin nasu. Sama'ilu ya karɓa ya zura. Mati ya ce shi ba ya sa aro alhali tasa tana jiransa. Ya shiga fili da babbar rigarsa ta shadda wadda ta sha sitati, da hular zanna da ya aro wurin surukinsa, da silifa. Aka sa shi bayan Tahir, don Tahir ya riƙa lura da shi.

Da farko kiɗan a hankali yake. A taka, a taka, a haɗa ƙarfe. Mati yana satar kallon na kusa yana bi, kuma ba laifi, tsohon gwani ko ya tsufa ƙafarsa ba ta mantuwa. Mutane suka fara tafi. Kamilu ya raɗa mini, "Baba, kamar fa zai kai." Mati ya ji tafi, kansa ya ƙara girma, har yana ɗaga mana gira.

Sai babban makaɗi ya danne kalangu a hammata, kiɗa ya juye, ya ɗau zafi.

A rawarsu, in kiɗa ya canza haka, na gabanka yakan juyo da sauri ya kawo ƙarfensa ta sama, kai kuma ka ɗaga naka da hannu biyu ka tare. Abin da Sama'ilu ya so ya faɗa masa ke nan. Mati kuwa da ya ji kiɗa ya ɗaga, sai samartaka ta dawo masa. Ya kafa ƙarfensa a ƙasa, ya dafa, ya miƙa wuya gaba, ya lumshe ido, ya fara karkaɗa kafaɗu yana jiran guɗa.

"Ɗaga ƙarfenka, taubashi!" Sama'ilu ya ƙwala daga can gefen da'ira.

Ina! Tahir ya riga ya juyo. Ya ga babu ƙarfe sai fuskar dattijo, ya yi iya ƙoƙarinsa ya janye hannu, kuma da bai janye ba da labarin ba na dariya ba ne. Duk da haka bakin ƙarfen ya tsinci hula ya yi sama da ita, ya sauko ya shafi leɓen Mati. Mati ya yi baya taga-taga. Na bayansa yana cikin juyi, ƙarfensa ya shige hannun babbar riga, muka ji ƙyaaat, tun daga hammata har ƙasa. Silifa ɗaya ta yi nata wuri. Mati ya zauna daɓas a tsakiyar fili, ƙafafu a sama.

Guɗar da yake jira ta zo kuwa, don matan da ke baya ba su ga abin da ya faru ba, sun ɗauka salo ne na mutanen Kano.

Muka janye shi gefe, ni da Kamilu. Tahir ya bar rawa ya biyo mu, ya tsuguna yana ta ba da haƙuri, kamar zai yi kuka. Aka kawo ruwa Mati ya kurkure baki, sai ga haƙorin gaba a tafin hannunsa, ja da goro. Dama ya daɗe yana girgiɗi, ƙarfen dai ya taya shi yanke shawara ne.

"Ba a gaya masa ba ne?" in ji Alhaji Abdussalam, ransa a ɓace, yana duban ɗansa.

Na ce, "Alhaji, kada ka ga laifin yaron nan. An kai masa har kunne, shi ya rufe ƙofa."

Kiɗa kuwa bai tsaya ba, don ba a tsayar da shi sai ya kai ƙarshe. Muka waiwaya, sai ga Sama'ilu yana nan cikin da'ira. Tumbi yana gaba yana binsa, gumi kamar an yi masa wanka, bakinsa yana ta motsi yana tuna wa kansa abin da aka koya masa. Ba kyau rawar tasa take da shi ba, kada in yi ƙarya, kamar tulu ne yake gangara. Amma duk sa'ad da ƙarfe ya taho, nasa yana sama yana jira. Har makaɗa suka buga na ƙarshe suka sauke hannu. Fili ya kaure da ihu. Alhaji ya miƙe da kansa ya zura masa rigar, ta zauna masa ɗas kamar da shi aka auna.

Sama'ilu ya taho yana juyi don gindin rigar ya buɗe, ya tsaya gaban Mati wanda ke riƙe da tsumma a baki.

"Sannu, jikan fatake. Taɓa ka ji laushi. Kada ka damu, in za ka ɗauki hoto zan ara maka, amma ka rufe baki."

Mati ya so ya rama, leɓe ya hana. Abin da ya fito sai "fff." Har shi kansa sai da kafaɗunsa suka motsa, don abin ya fi ƙarfin fushi.

Sauran kwanakin da muka yi, kullum muna rumfar Ramlat. Ta gasa mana kifi, ta soya mana wagashi, wato cukun madarar shanu, ta ƙara mana agade kyauta saboda Sama'ilu ya zama ɗan gari, duk inda ya gifta yara suna binsa suna kwaikwayon rawarsa. Mati yana ƙarshen benci da kofin koko, yana zuƙa ta gefen baki, yana bin kowace loma tamu da ido tun daga kwano har maƙogwaro. Ranar da za mu taso ne na ji ya matsa kusa da ita, murya ƙasa-ƙasa, yana tambaya wai shi wagashin nan in an jiƙa shi a koko yana yin laushi? Ta ce a'a, Baba, sai dai wani zuwan.

Ga abin da na-sani ta ci wa Mati, in lissafa muku. Haƙorin gaba ɗaya, an bar shi a ƙasar Tamale. Babbar rigar shadda, ta koma zanen goyo. Hular surukinsa, masu rawa sun tattake ta ta zama faifai. Silifa ƙafa ɗaya, ba a gan ta ba har yau. Kifi da wagashi da naman biki, ko ƙwara bai kai baki ba. Rigar Dagomba kuwa tana jikin mai ƙuli-ƙuli.